Rubutun da ke Gefen Taya: Daga Tashar Jirgin Ƙaura zuwa Hanyar Moriki

Akwai rubutun da ya fi kowane rubutu zirga-zirga a hanyar da ta tashi daga Ƙauran Namoda ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi, amma da wuya a ga wanda ya tsuguna ya karanta shi. Baƙi ne a kan baƙi, an zuba shi tare da robar tun a masana'anta: lambobi da haruffan da suka kewaye gefen kowace taya. Abu ɗaya kawai yawancin direbobi suka riƙe daga cikinsu, wato girman rim, shi ya sa za ka ji mutum ya ce wa mai shago "ba ni sha uku" ko "ba ni sha biyar". Sauran a wurinsa ado ne.

Alhali kowane layi na wannan rubutu yana da ranar da ya shiga wurin, da dalilin shigarsa. Wani auduga ce ta haife shi, wani gasar kamfanoni, wani kuma sai da aka binne mutane a wata ƙasa mai nisa kafin doka ta tilasta a rubuta shi. Tun da masana'antun taya na Nijeriya suka rufe, kasuwa ta koma hannun 'yan gwanjo, wannan rubutu ya zama kusan shaida ɗaya tilo da mai saye ke da ita a kan abin da zai ɗora ransa da na fasinjojinsa a kai.

A shekarar 1929 layin dogo daga Zariya ya ratsa Gusau ya iso Ƙauran Namoda, a nan kuma ya tsaya. Garin ya zama matattarar gyaɗa da audugar ƙasar Zurmi da Moriki da Shinkafi, har zuwa Isa. Da farko jakuna da raƙuma ke kawo kayan bakin tasha. Sannu a hankali motocin lodi suka karɓe aikin, musamman bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gyaɗa ta zama abin tinƙahon Arewa. Rubutun da ke jikin tayoyin waɗancan motoci gajere ne: 7.50-16, ko 9.00-20, sai wata lamba da haruffa biyu, misali 10 PR ko 12 PR. Lambar farko faɗin tayar ce da inci, ta biyu girman rim, shi ma da inci. Ma'aunin Ingilishi ne tsantsa, irin na yadi da mil da galan da har yau ba su bar bakinmu ba.

Haruffan PR kuwa suna da labarin da ya kamata ya ba ɗan Zamfara sha'awa. Roba ita kaɗai ba ta iya riƙe iska da nauyi. Sai an yi mata ƙashi a ciki. Tun bayan da John Boyd Dunlop, wani likitan dabbobi a Belfas, ya haɗa tayar iska don keken ɗansa a 1888, har zuwa shekaru masu yawa bayan haka, ƙashin taya na zaren auduga ne. Ana shimfiɗa zaren falle-falle, ana giciya wannan a kan wancan, kuma ƙarfin taya ya dogara ga yawan fallayen. Mai falle goma sha biyu ta fi mai falle takwas ɗaukar kaya. Ashe motar da ke kwasar auduga daga ƙauyuka zuwa injin gurza na Gusau, a kan auduga take tafiya. Daga baya zaren rayon da nailan da wayar ƙarfe suka kori auduga daga cikin taya, har ya zama falle biyu na yin aikin da takwas ke yi a da. Amma masu motoci sun riga sun saba da lissafin, sai kamfanoni suka bar shi. Yau in ka ga 8 PR a tayar bas, ba falle takwas ne a ciki ba. Ana nufin tana da ƙarfin da tayar auduga mai falle takwas take da shi. Lamba ce da ke auna abin zamani da ma'aunin abin da ya shuɗe.

Babban sauyi ya zo ne daga Faransa. A 1946 kamfanin Michelin ya yi rajistar wata sabuwar hanyar saƙa ƙashin taya, inda zaren ke miƙewa kai tsaye daga wannan baki zuwa wancan maimakon giciye, sannan a ɗaura masa ɗamarar ƙarfe a ƙarƙashin zanen da ke taka ƙasa. Irin wannan taya ta fi daɗewa, ba ta saurin ɗaukar zafi, kuma ta fi kama hanya. Ita ce harafin R ke nunawa. Da yake Turawan nahiyar Turai da milimita suke awo, sai faɗin taya ya koma milimita, amma rim ya ƙi barin inci, domin motocin duniya sun riga sun cika da rim na inci. Michelin ya gwada kawar da wannan gambiza a 1975 da wata taya mai suna TRX wadda rim ɗinta ma na milimita ne. Kasuwa ta juya mata baya. Shi ya sa har yau layi ɗaya ke ɗauke da ma'auni iri biyu, kamar mai sayar da atamfa da yadi yana auna shinkafa da kilo. A wannan shekara ta 1975 ne kuma aka buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna, kuma da yaɗuwar 504 a tashoshin Arewa tayar mai harafin R ta zama ruwan dare.

Mu ɗauki layin da ake gani a tayar ƙaramar Golf, motar da ta daɗe tana riƙe da hayar wannan yanki: 175/70 R13 82T. Faɗin tayar milimita 175 ne. Lamba 70 na nufin tsayin gefen tayar, daga bakin rim zuwa inda zane ya fara, kashi 70 cikin ɗari ne na faɗin, wato wajen milimita 122. Rim inci 13 ne. Har nan duk maganar girma ce, kuma mai shago ba zai bari ka yi kuskure a kan girman rim ba, tunda tayar da ba ta dace da shi ba ba za ta shiga ba. Inda ake yin sakaci shi ne 82T, domin taya mai ƙarfi da marar ƙarfi duk suna shiga rim ɗaya.

Lamba 82 ba kilo ba ce, lambar jadawali ce, kuma a jadawalin tana daidai da kilo 475. Wannan shi ne iyakar abin da taya ɗaya za ta ɗauka, shi ma in an cika mata iska yadda ya kamata. Lamba 88 kilo 560 ce, 91 kilo 615, 100 kuma kilo 800. To, mai karatu ya yi lissafin da kansa. Tayoyin baya biyu masu lamba 82 suna da izinin kilo 950 a tsakaninsu, kuma nauyin bayan motar kanta ya riga ya cinye kaso mai tsoka tun ba a sa komai ba. A zuba manya huɗu a kujerar baya, a tura buhun gero uku masu kilo ɗari-ɗari a but, a ɗora samari biyu a kan buhunan ƙafafunsu na reto a waje, yadda ake yi ranar Alhamis in kasuwar Shinkafi ta ci. An wuce iyaka tun mota ba ta bar tasha ba. Tayar bas irin ta Hiace kan zo da 195 R15C 106/104R. Harafin C alama ce ta tayar motar haya da kaya, 106 kuma kilo 950 ne ga taya guda, ninki biyu na waccan. Wanda ya sa wa bas tayar ƙaramar mota don ya ga rim ɗin duk sha biyar ne, ya sayi arha mai tsada.

Harafin ƙarshe na gudu ne. T na nufin an gwada tayar ta jure kilomita 190 a awa, S 180, H 210, V 240. Tsarin daga Turai ya fito, inda manyan hanyoyin Jamus marasa iyakar gudu suka sa dole a bambance tayar da za ta jure da wadda za ta narke. Ba wanda zai yi gudun 190 tsakanin Moriki da Ƙaura, amma harafin bai rasa amfani ba: a zahiri juriyar zafi yake aunawa, kuma zafi shi ne babban makashin taya a ƙasarmu.

Layin da ya fi muhimmanci yana can ƙasa kusa da rim, da ƙananan haruffa, ya fara da DOT. Wannan taƙaitaccen sunan Ma'aikatar Sufuri ta Amurka ne. A 1966, bayan shekaru ana ce-ce-ku-ce a kan yawan mace-mace a hanyoyinsu, majalisar Amurka ta yi dokar kiyaye lafiyar motoci, kuma daga 1971 aka wajabta wa duk tayar da za a sayar a can ta ɗauki lambar shaida: haruffan farko su nuna masana'antar da ta yi ta, lambobin ƙarshe su nuna lokacin. Manufar ita ce in aka gano aibu a wani rukuni, a iya bin sawunsa a janye shi. Da yake kowane babban kamfani na son kasuwar Amurka, sai lambar ta bazu a duniya, har ta iso tulin tayoyin da ke bakin tashar Ƙaura. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar taya: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, wato farkon watan Yuni.

An ga amfanin wannan lamba ƙarara a watan Agustan 2000, lokacin da kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5, yawancinsu a kan motocin Ford Explorer. Zanen tayar ne ke saɓulewa daga jikinta ana cikin gudu, motar ta kife. Mutane fiye da 200 suka mutu a Amurka kaɗai. Da haruffan DOT aka ware tayoyin masana'antar Decatur ta jihar Ilinoi, wadda aka fi zargi. Abin lura gare mu shi ne inda haɗurran suka fi yawa: jihohi masu zafi irin su Teksas da Fulorida da Arizona, kuma tun kafin a farga a Amurka an riga an ga matsalar a Saudiyya da Benezuwela. Zafin rana, ƙarancin iska a taya, nauyi da doguwar tafiya da gudu, su suka haɗu. Duk wanda ya san watan Afrilu a arewacin Zamfara, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kwalta na tururi, ya san ba ɗaya daga cikin huɗun nan da muka rasa.

Amurkawan sun kuma bar mana wata alama mai amfani, wadda aka fara tun ƙarshen shekarun 1970: kalmar TEMPERATURE da harafi A ko B ko C a gabanta. A ita ce ta fi iya zubar da zafi, C ita ce mafi ƙarancin da doka ta yarda da shi. Ba kowace taya ke ɗauke da wannan ba, amma in akwai, mai tuƙi a yankinmu ba shi da hujjar ɗaukar C.

Akwai zamanin da ɗan Nijeriya bai damu da duk wannan karatu ba, kuma yana da uzuri. A farkon shekarun 1960 Michelin ya kafa masana'anta a Fatakwal, Dunlop ya kafa tasa a Ikeja, suna sarrafa robar da ake tatsa a kudancin ƙasar. Taya na fitowa daga masana'anta ta shiga hannun dila ta hau mota, ba ta kwana shekaru a hanya ba. Sunan kamfanin ya wadatar a matsayin shaida. Sai tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, darajar naira ta zube bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, aka koma ga na hannu daga Turai. Tayoyi suka biyo motocin. Tsadar wutar lantarki da rage harajin shigo da taya daga waje suka ƙarasa masana'antun biyu: Michelin ya rufe a 2007, Dunlop ya bi baya a 2008.

Tsofaffin tayoyi na cikin jerin kayan da Hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, in ban da wasu na manyan motoci da ake sabunta wa zane. Haramcin bai hana su cika kasuwa ba. Kayan gwanjo sun daɗe da sanin hanyarsu daga tashar ruwan Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya, kuma daga Jibiya hanya ce miƙaƙƙiya zuwa Zurmi. Muna kiransu 'yan Beljiyam, ko da ba su taɓa taka ƙasar Beljiyam ba. Abin dariya shi ne akwai Beljiyam ta gaskiya a jikin wasu tayoyin: wani ɗan da'ira mai harafin E da lamba. Wannan ya samo asali ne daga yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a Jeniba a 1958 don amincewa da gwajin juna, kuma lambar na nuna ƙasar da ta tantance samfurin: E1 Jamus, E2 Faransa, E4 Holan, E6 Beljiyam, E11 Birtaniya. Ba ta nuna inda aka ƙera tayar, ba ta kuma ce komai a kan halin da take ciki yau.

Cikin tulin 'yan Beljiyam ne ake samun tarkon da ya fi kama mutane. Bature kan cire tayar hunturu tun zanenta na da zurfi, don haka a ido ita ce ta fi kyau a tulin, mai saye kuma da yatsa yake auna zane. Amma a gefenta akwai hoton dutse mai kai uku da ƙwayar ƙanƙara a ciki, galibi tare da haruffan M+S, wato taɓo da dusar ƙanƙara. An haɗa robarta ne don ta yi laushi a sanyin da ruwa ke daskarewa. A kwaltar bazara takan yi laushi fiye da kima, ta cinye da wuri, birki kuma ya ƙara nisa. M+S shi kaɗai ba abin tsoro ba ne, domin tayoyi da yawa na kowane yanayi na ɗauke da shi; hoton dutsen ne ya kamata ya sa mutum ya dakata ya bincika.

Maganar shekarun taya ba ta shiga bakin jama'a sosai ba sai bayan 6 ga Maris 2016, ranar da ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi ya rasu tare da matarsa da ɗansa a hanyar Kaduna zuwa Abuja, bayan tayar baya ta motarsu ta fashe ana cikin gudu. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa tun 1988, ta tashi haiƙan da gangamin duba tayoyi, kuma daga nan kalmar "ta yi esfaya" ta shiga tashoshin mota. Matsayin hukumar shi ne taya na da shekara huɗu daga ranar da aka yi ta.

A nan akwai abin da ya kamata a faɗa dalla-dalla. Babu ranar mutuwa a jikin taya, ranar haihuwa kawai ke akwai. Shekara huɗun ƙa'idar hukumarmu ce. Wasu kamfanonin motoci na cewa shida, Michelin kuwa na cewa a riƙa kai ta ga masani duk shekara bayan ta cika biyar, a jefar da ita in ta kai goma ko da zanenta na nan. Direbobi kan kafa hujja da wannan saɓani su ce hukuma neman na goro take yi. A ganina hujjar ba ta da ƙarfi. Roba na tsufa ne da iska da zafi, tana bushewa tana tsattsagewa daga ciki, kuma zafi na hanzarta wannan. Shekara goman da aka yanka wa tayar da ke kwana a garejin Jamus ba ta shafi wadda ke wuni a rana a tashar Zurmi da lodin da ya wuce ƙima ba. Inda ƙa'idar ke da rauni shi ne ta sa mutane sun ɗauka lambar ce komai. Tayar bara da aka tuƙa ba iska, ko ta daki rami har gefenta ya yi ƙulu, ta fi ta shekara biyar da aka kula da ita haɗari.

Kuma rubutun na da abubuwan da ba ya faɗa. Ba ya faɗa maka cewa an cusa taya huɗu ko biyar cikin juna a kwantena don rage kuɗin dako da haraji, abin da ke lanƙwasa wayar bakin taya, wanda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta sha kamawa a ɗakunan ajiya na Legas, har a sababbin tayoyi. Ba ya faɗa maka cewa wani ya bi tsohon zane da wuƙa mai zafi ya zurfafa shi. Wannan halal ne kawai ga tayar babbar mota da aka rubuta wa REGROOVABLE, domin ita aka bar wa kaurin roba don haka. Ita kanta lambar shekarar akan goge ta a buga sabuwa, shi ya sa yake da kyau a shafa wurin a ji ko ya bambanta da sauran jikin.

Wani layin kuma gaskiya yake faɗa amma ana yi masa gurguwar fahimta. Inda aka rubuta MAX PRESS da lamba, misali 44 PSI, iyaka ce da ba a so a wuce, ba adadin da za a riƙa sawa ba. Adadin da ya dace yana kan 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofar direba ko murfin tankin mai, kuma kamfanin motar ne ya yanka shi, sau da yawa da adadi dabam na lokacin da aka cika lodi. Mai faci da yawa da lamba ɗaya yake yi wa kowa aiki, wani ma ba geji, sai ya daki tayar da ƙarfe ya saurari amonta. Akwai kuma direbobin da ke rage iska da rana wai kada zafi ya fasa taya. Akasin haka ne ke faruwa: tayar da ba ta da isasshiyar iska ta fi lanƙwasa a kowane juyi, lanƙwasar na haifar da zafi, zafin ya raba roba da ƙarfe. Da safe ake auna iska, kafin mota ta yi tafiya.

Duk wannan ya fi nauyi a hanyoyin arewacin Zamfara fiye da wurare da yawa, saboda dalilin da kowa ya sani. Shekarun da aka kwashe ana fama da 'yan bindiga sun sauya yadda ake tuƙi tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Direba na taka mota ne don ya fita daga daji da wuri, yana cika lodi don ba kullum ake samun fita ba, kuma ba ya son tsayawa ya huce taya. Fashewar taya a nan na iya zama haɗari biyu: na kifewa, da na tsayawa a inda ba a tsayawa. Ga shi sabuwar taya mai suna ta yi tsadar da mai Golf ɗin haya ba ya ko taya ta. Ce masa ya daina sayen gwanjo magana ce mai sauƙi ga wanda ke da albashi.

Abin da ya rage masa shi ne zaɓi a cikin tulin, kuma a nan karatun ke biya. 'Yan gwanjo da zurfin zane suke yanka farashi, don haka taya biyu kan zo kuɗi ɗaya alhali ɗaya ta girmi ɗaya da shekara bakwai. Cikakkiyar lambar DOT a gefe ɗaya kawai take, in ba a gan ta ba sai a juya tayar. In kuma aka tarar lambobin ƙarshe uku ne maimakon huɗu, wannan tsohon tsari ne da aka daina a shekarar 2000, lokacin da ake ɗauka ba tayar da za ta wuce shekara goma a duniya: biyun farko mako, na ukun lambar ƙarshe ta shekara. Irin wannan taya ta girmi yawancin yaran motar da ke lodi a tashar.